Ayarin da Ke Gidan Baba a Takoma Park

A shekarata ta huɗu a Amurka, kamfanin da nake wa aiki ya tura ni gidan wani tsoho a Takoma Park. Ni nas ce tun daga gida, na daɗe ina aiki a Kafanchan, amma a nan takarduna ba su gama fitowa ba, sai na shiga aikin kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, magani, awon suga, abinci. Ni da maigidana muna zaune a Silver Spring, hawa na shida. Tasha ɗaya ce a jirgin ƙasa na Metro, sannan in taka zuwa wani layi mai manyan itatuwa inda gidan yake.

'Yarsa ce ta tarbe ni ranar farko, a farkon Afrilu. Ta zo daga wata jiha mai nisa don ta ga sabuwar ma'aikaciya sannan ta koma. Ta nuna mini kicin da akwatin magunguna, ta ce mahaifinta ya haura tamanin, suga ya cinye masa ido, da ƙyar yake bambanta haske da duhu. Sai ta rage murya ta ce akwai aiki ɗaya da ba ya cikin takardar kamfani. Kullum bayan abincin rana za a karanta masa littafi. Ta ce wadda ta riga ni ta bar aikin tun Agustan bara ba ta faɗi dalili ba, daga nan masu riƙon ƙwarya ne suke ta zuwa suna tafiya.

Na same shi a ɗakin cin abinci, cikin keken guragu, dogo, fari fat, hannayensa a kan gwiwa. Na rusuna na gaishe shi, bakina ya suɓuce na ce masa Baba. Ya tambayi ma'anar kalmar, na faɗa masa. Ya ce ya karɓa. Shi kuma Nas yake ce mini har muka rabu.

Bangon ɗakin guda taswira ce ta rufe shi, daga kusurwa zuwa kusurwa. Shi ya zana ta da hannunsa, don zanen taswira ne aikinsa a wata ma'aikatar gwamnati har ya yi ritaya. Ƙasar ce gaba ɗaya, amma babu hanyoyin mota, babu birane, sai koguna da duwatsu. A can sama, wajen tsakiya, an soka wani fil mai jan kai.

"Nan suke," in ji shi. "Sun yi sanyin bana a nan. Wannan makon za su tashi."

Ya ba ni labarin a taƙaice. Fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce, shugaban ƙasar na lokacin ya tura ayari, mutum talatin da 'yan kai ƙarƙashin madugai biyu, su bi kogin Missouri har inda ya samo asali, su haye duwatsu, su ga ko za su fita tekun yamma. Madugan da wasu daga cikin mutanensu sun riƙa rubuta abin da ya faru kullum. Littattafan da ke jere a kan kantar ke nan. Abin da yake so shi ne in karanta masa na ranar da muke ciki, ba gaba ba, ba baya ba, sannan in matsar da fil ɗin zuwa inda suka kwana.

Na ce masa a makaranta mu ma an koya mana cewa wani Bature ne ya gano kogin Kwara, alhali kakannin mutane suna wanki a bakinsa. Ya yi dariya har da tari. Ya ce haka ne, ko waɗannan ba su taka wurin da babu mutane ba, kuma da 'yan asalin ƙasar ba su ciyar da su sun nuna musu hanya ba, da ba wanda ya dawo.

Makonnin farko na ji daɗin karatun. Turancin tsoho ne, rubutun a karkace, yana gyara mini inda na yi tuntuɓe. Na san mutanen sannu a hankali. Akwai wata yarinya 'yar asalin ƙasar, matar tafintan ayarin, da goyonta na wata biyu. Akwai wani ƙaton baƙin kare. Akwai kuma baƙin mutum guda ɗaya, bawan ɗaya daga cikin madugan, wanda ake ambata jefi-jefi, idan ya harbo ɓauna ko idan mutanen wani ƙauye sun taru suna goga fatarsa su ga ko baƙin zai fita. Ranar Lahadi ina zuwa coci, don haka Litinin nakan karanta na kwana biyu. Baba ya ce ba komai, sukan jira. Na ɗauka wasa yake yi.

Wata rana a watan Mayu, ina tsakiyar karatu, na ji warin hayaƙi. Ba na girki ba ne, hayaƙin ɗanyen itace ne, haɗe da ƙarnin jiƙaƙƙiyar fata, irin wanda nake ji a bayan mahauta a gida. Na ajiye littafin na duba kicin. Murhu a kashe. Na sauka ƙasa inda na'urar ɗumama gida take, na leƙa waje ko maƙwabta suna gashi. Babu kowa, sai hasken rana a kan ciyawa. Da na dawo ɗakin, warin yana nan, ya fi ƙarfi a kusa da bangon taswira.

"Zauna, Nas," ya ce. "Wuta suka hura. Ruwa ya dake su jiya."

Na zauna na ƙarasa shafin. Kafin in wanke kwanuka warin ya tafi.

A ƙarshen Yuni ayarin ya isa wasu manyan magangaran ruwa, irin Matsirga ta wajenmu amma sun ninka ta, guda-guda a jere. Dole suka fitar da kwalekwalensu suka ja su a tudu kwana da kwanaki, ƙasar kuma cike take da wata ƙaya mai huda takalman fata. A cikin makon ne na cire wa Baba safa da safe don in duba ƙafarsa, kamar yadda ake yi wa duk mai suga, na ga tafin a kumbure, da ƙananan huji ja-ja kamar an caccaka da allura. Mutumin nan ba ya taka ƙasa sai in ɗaga shi daga gado zuwa keke. Na kawo hantsaki na ciro wani abu daga diddigensa, siriri, launin ƙasa-ƙasa, tsawonsa bai kai farce ba.

Na rubuta rahoto, na kira likitansa. Likita ya duba ya ce raunin masu suga ne, ya ba da man shafawa. Abin da na ciro kuwa na naɗe a takarda na kai wa maigidana. Ya juya shi a tafin hannu ya ce tsagin katako ne, tsofaffin gidajen nan duk daɓensu katako ne.

"Ai ba ya tafiya," na ce.

Ya dube ni ya ce, "In aikin yana damun ki, ki ce su canza miki gida."

Ban ce ba. Gaskiya ina son tsohon. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, yana tambayar lafiyar mahaifiyata, har ya koyi cewa sannu. Kuma ina son in ji yadda tafiyar za ta kaya.

A watan Agusta, ina gyara masa bargo kafin mu fara, ya juya fuskarsa wajen ƙofar da ke fita falo.

"Ya matso yau," ya ce.

"Wa, Baba?"

"Baƙin mutumin. Sauran suna shiga suna fita abinsu, shi kuwa a bakin ƙofa yake tsayawa. Da can daga falo nake jin sa. Tun da kika fara karatu yake matsowa."

Na waiga. Ƙofa a buɗe, falo fayau, labule yana ɗan motsi saboda iskar na'urar sanyaya ɗaki. Ban ga komai ba, kuma har na bar gidan ban taɓa ganin komai ba. Amma bayan wuyana ya yi sanyi kamar wani yana tsaye yana duban shafin ta kan kafaɗata.

"Me yake so?" na tambaya, ban ma san na yi tambayar ba.

"Ban sani ba. Duk littattafan nan babu layi ɗaya da shi ya rubuta. Ina jin yana son ya ji abin da aka ce a kansa."

Daga ranar na juya kujerata, bayana ya koma jikin bango. Nakan yi addu'a a zuci kafin in buɗe littafin. Na kuma lura da kaina: duk inda aka ambaci mutumin, sai in rage sauri, in karanta a fili sosai.

A watan ne kuma na tambaye shi abin da ya kori wadda ta riga ni. Ya ce a Agustan bara ne mutum ɗaya ya mutu a ayarin, ciwon ciki ya kama shi, suka binne shi a kan tudu a bakin kogi. Shi kaɗai suka rasa a duk tafiyar. Ma'aikaciyar tana gama karanta shafin ta ɗauki jakarta ta fita, ko kofin shayinta ba ta wanke ba.

"Me ta gani?"

"Ba ta faɗa mini ba. Na dai ji ta ce wa wani ya yi haƙuri, ya ba ta hanya."

Satumba ta fi kowane wata wuya. Ayarin ya shiga duwatsu da dawakan da suka saya, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, naman daji ya ɓace. Suka yanka 'yan dukushi suka ci, suka koma lasar kitse da kyandir. A waje, a Takoma Park, zafi bai gama tafiya ba, mutane suna yawo da gajeren wando. Baba kuwa ya ƙi abinci. In na kai cokali bakinsa sai ya kau da kai. Na dafa masa faten dankali mai laushi irin wanda yake so, ya shinshina ya ce yana da daɗi, amma ba zai iya ba. Hannayensa sun yi sanyi ƙalau, na rufa masa bargo biyu yana ta makyarkyata. Sugansa ya riƙa faɗuwa. Na kira 'yarsa, na kira likita, aka rage masa allura, aka ce in ya ƙara kwana biyu a haka za a kwantar da shi a asibiti.

A nan na yi dabara. Da safe, yana barci, na buɗe littafin na leƙa gaba. Na ga saura kwana huɗu su sauko wani fili inda mutanen ƙasar za su ba su busasshen kifi da saiwoyi. Bayan azahar na zauna, na tsallake shafukan, na fara karanta ranar da suka ci suka ƙoshi. Na karanta da fara'a a murya. Na tashi na zare fil na soka shi a ƙasan duwatsun.

Bai katse ni ba. Sai da na koma kujera ya ce, a hankali, "Kin bar su a sama."

"Baba, sun sauko. Ga shi na karanta maka."

"Ba su sauko ba. Saurara."

Na saurara. Gidan ya yi tsit irin wanda ban taɓa ji ba. Firji ya daina ƙugi, babu ƙarar mota a layi, babu tsuntsu. Sanyi ya taso daga daɓe ya kama mini ƙafafu har gwiwa, na ga numfashina yana fita fari-fari, da rana tsaka, a watan Satumba. Can nesa, kamar daga bayan bangon, na ji wani abu mai kama da tarin doki. Sau ɗaya ne, bai sake ba.

Na tashi na mayar da fil inda yake. Na koma shafin ranar na karanta shi duka, yunwar da sanyin da dokin da ya gangara rami da kayansa. Da na kai ƙarshe firji ya kama aiki.

"Na gode, Nas," ya ce. "Na san don ni kika yi."

Kwana huɗun nan da ruwan zuma na riƙe shi, cokali-cokali, sugansa bai ƙara faɗuwa ba, shi ya sa ba a kai shi asibiti ba. Ran da ayarin ya sauko fili, ya nemi faten dankali da bakinsa, ya cinye kwano guda ya ce a ƙara. Na shiga banɗaki na yi kuka, ban san ko na murna ba ne ko na tsoro.

Daga nan koguna suka ɗauke su da sauri zuwa yamma. A watan Nuwamba suka ji ƙarar teku. Ruwan sama bai ɗauke musu ba, tufafinsu na fata suka ruɓe a jikinsu. Akwai ranar da madugan suka tambayi kowa ra'ayinsa a kan gefen kogin da za su yi zaman sanyi, aka rubuta amsar kowa, har ta yarinyar, har ta baƙin mutumin. Da na zo wurin, Baba ya ɗaga hannu ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya juya fuskarsa, ba wajen ƙofa ba, wajen kujerar da ke gefen tebur, wadda ba mai zama a kai.

"Ka ji?" ya ce.

Ban ɗaga ido daga littafin ba.

A farkon Disamba 'yarsa ta zo ta ce ta samo masa gidan kula da tsofaffi kusa da ita, za a sayar da wannan. Abin da ya faru a Satumba ya tsorata ta, kuma ban ga laifinta ba. Baba bai yi musu ba. Ranar da muke haɗa kayansa ya riƙe hannuna ya ce a can ba wanda zai zauna ya yi masa karatu kullum. Ya ce ya bar mutane a bakin teku cikin ruwan sama, ba su da gishiri, ba su da hanyar gida sai ta bakin mai karatu.

"Ki ɗauki littattafan. Shafi ɗaya ne ko biyu a rana. Ki maido su gida."

Na so in ce a'a. Na dubi fuskarsa na ce to.

Taswirar ba ta ciru daga bango ba, a nan aka bar ta. Littattafan na kawo Silver Spring a kwali, na ajiye a ƙarƙashin teburin kicin. Sabon aikina na safe ne, ƙarfe biyu ina gida, maigidana kuma sai yamma yake dawowa. Kullum in na ci abinci sai in ɗauko littafin in karanta da murya, ni kaɗai, a hawa na shida, motocin bas suna wucewa a ƙasa. Sun dafa ruwan teku sun sami gishiri. A watan Maris suka juyo. Ban ƙara jin hayaƙi ba, ba sanyi, ba komai. Abu ɗaya kawai: gidan ya yi mini ƙanƙanta. Nakan ratsa falo a karkace kamar mai wucewa cikin taro, sai na kai ɗaya gefen in tambayi kaina dalili. Maigidana ya taɓa tambaya ko baƙi sun zo da rana. Na ce babu. Ya ce shi dai haka ya ji da ya shigo.

A watan Mayu 'yar ta kira ta ce Baba ya rasu cikin barci. Na yi mata ta'aziyya. Bayan mun ajiye waya na buɗe littafin. Ayarin yana gindin duwatsun nan yana jiran ƙanƙara ta narke. Na yi tunanin dainawa, tunda wanda na yi wa alkawari ya tafi. Na kasa.

A ƙarshen Satumba suka iso garin da suka fara tasowa daga cikinsa, mutane suka fito bakin kogi, don an riga an fidda rai da su. Bayan shafin ƙarshe akwai bayanin da masana suka ƙara a kan abin da ya sami kowa. An ba mutanen ayarin filaye da lada. Baƙin mutumin ba a ba shi komai ba. Ya roƙi ubangidansa ya 'yanta shi, ko ya bar shi ya zauna kusa da matarsa, aka hana shi, har aka buge shi a kan haka. Sai bayan shekaru ya sami kansa, kuma ba a tabbatar da yadda ya ƙare ba. Na tsaya ina shawara ko in karanta wannan da murya. Na ga in ni ce, zan so a faɗa a fili. Na karanta shi sannu-sannu har ƙarshe, sannan na ce, da Hausa, "Sannu da hanya. Allah ya saka maka."

Na rufe littafin. Labulen kicin ya ɗaga sau ɗaya ya koma, alhali taga a rufe take. Na zauna har rana ta karkata. Da maigidana ya dawo na tuƙa tuwo, muka ci. Yana wanke hannu ya dubi falo ya ce, "Kin fitar da wani kaya ne? Gidan ya yi fili."

Na ce ban fitar da komai ba.

Mako na gaba na kai kwalin ɗakin karatu na unguwa, inda ake karɓar tsofaffin littattafai, na ajiye na fito. Bayan wata biyu takarduna suka fito, na sami aiki a asibiti. A makona na farko wata tsohuwa da ke gado na biyu ta miƙo mini wani littafi daga jakarta, ta ce ko zan karanta mata kaɗan in na sami sarari. Na ce mata idona yana ciwo, na kunna mata talabijin.